Keke Ɗaya, Farashi Biyu: Nazarin Cinikin da Ya Faro a Shago Ya Ƙare a Intanet

Lamarin da za a duba a nan irin wanda masu shagon keke ke gani ne kusan kowane mako. Wani ma'aikaci na neman keken zuwa aiki, tafiyar kilomita 12 kullum, zuwa da dawowa. Wanda ya zaɓa mai matsakaicin daraja ne: firam na alminiyom, giya tara a baya, birkin faifai mai aiki da mai. Ya gan shi a shagon da ke kusa da gidansa, ya kuma gan shi a wani kantin intanet, kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, launi kawai ya bambanta. Don lissafi ya zo da sauƙi, an ɗauki farashin shago a matsayin 100, duk wani kuɗi da ya biyo baya kuma an auna shi da wannan ma'aunin. Lambobin na misali ne, an sa su ne don a ga yadda kuɗin ke tafiya. A intanet keken 78 ne.

Tazarar 22 ba abin rainawa ba ce, kuma duk wanda ya ce wa mai albashi ya rufe ido ya biya ta don kawai yana son shagon unguwa ya ɗore, bai yi masa adalci ba. Abin tambaya shi ne me ke cikin wannan 22 ɗin, kuma wa ya ƙare da biyan sa.

Mutumin ya fara zuwa shago ne. Tsayinsa ya faɗa tsakanin girma biyu, matsakaici da babba, don haka mai shago ya sauko masa da duka biyun, ya daidaita sirdi, ya bar shi ya zaga da kowanne. Aka gano matsakaicin ne daidai da shi, domin a kan babban sai ya miƙe hannu fiye da kima kafin ya kai kan keken. Wannan ya ci minti arba'in. Da aka zo kan kuɗi, sai ya ce: "Maigida, na ga irinsa a intanet da sauƙi sosai. Ba za a rage min wani abu ba?" Mai shago ya ɗaure fuska ya ce: "Malam, farashinmu ke nan." Magana ta ƙare a nan. Da dare mutumin ya yi oda a intanet, girman da aka gwada masa a shago.

Inda 100 ɗin mai shago ke tafiya

A cinikin sabon keke, abin da ke rage wa ƙaramin shago bayan ya biya dila bai cika wuce kashi ɗaya cikin uku ba. A ɗauka ya saro keken a 66, saura 34. Wannan 34 ɗin ba riba ba ce tukuna. Keke yana zuwa shago ne a cikin kwali kamar yadda yake zuwa wa kowa, sai makaniki ya kwashe awa ɗaya zuwa biyu yana haɗawa da saitawa. Bayan sayarwa akwai dubawar farko, wadda yawancin shaguna ke yi kyauta. Sannan ga haya, albashi, wuta, inshora, da abin da kamfanin kati ke yanka a kowane ciniki. Ga kuma nauyin da mai saye ba ya gani: shago sai ya ajiye girma uku ko huɗu na samfuri guda don wanda ya shigo ya samu na gwadawa, kuma wanda bai fita ba har sabon samfuri ya zo, ya yi kwantai, sai an karyar da shi.

Da mai shago ya bi farashin intanet ya sayar a 78, abin da zai rage masa 12 ne a maimakon 34. Ragin kashi 22 cikin ɗari a farashi ya cinye kusan kashi 65 cikin ɗari na abin da yake samu. Kafin ya tara abin da keke ɗaya ke ba shi a da, sai ya sayar da kusan uku, kuma kowanne sai an haɗa shi an duba shi da hannu. Wannan ne ya sa "ka yi min farashin intanet" ke yi wa mai shago nauyi fiye da yadda mai saye ke zato.

Shi kuwa kantin intanet, sauƙinsa yana da tushe. Yana saye da yawa, don haka dila na yi masa farashin da ƙaramin shago ba zai samu ba. Kayansa na sito ne a bayan gari, ba a bakin titi mai tsadar haya ba. Ba ya haɗawa, ba ya gwadawa, ba ya dubawar farko. Sau da yawa kuma abin da yake karyarwa samfurin bara ne da kamfani ke son kawarwa. A ɓangaren kayan gyara akwai wata hanyar: masana'antun keke na sayen sarƙa da giya da birki da yawa a farashin masana'anta, rarar kuma ta zurare zuwa kasuwa ba kwali ba takarda. Kayan na gaske ne, amma hanyar da suka biyo ba ita ce wadda kamfanin ya tsara ba, kuma hakan na iya shafar garanti.

Wani lokaci kuma sauƙin ba shi da ƙafar tsayawa. WiggleCRC, wanda ya haɗa manyan kantunan intanet biyu na kayan keke a Birtaniya, Wiggle da Chain Reaction Cycles, ya yi shekaru yana sayarwa a farashin da shaguna ke kuka da shi. A watan Oktoban 2023 ya durƙushe bayan uwar kamfaninsa, Signa Sports United, ta rasa kuɗin da ta dogara da su, a 2024 kuma Frasers Group ya sayi sunan. Girman kanti ba tabbaci ba ne cewa zai kai ƙarshen garantin da ya ba ka.

Abin da ya fito daga kwali

Dakon keke ba kamar na ƙaramin kaya ba ne, kwalin babba ne. Kuɗin aikowa ya ci 4, lissafi ya koma 82. Mutumin ya yi sa'a kantin na cikin ƙasarsa. Da daga waje ne, da akwai kuɗin fito da haraji, kuma a keke abin na iya yin muni: Tarayyar Turai, alal misali, tana ɗora harajin kariya har na kashi 48.5 cikin ɗari kan kekunan da aka ƙera a Sin, ban da na wasu kamfanoni ƙalilan. Farashin da ke kan allo ba shi ne na ƙarshe ba sai an kai shafin biya an ga jimla.

Keken da ke zuwa a kwali an haɗa mafi yawansa. Abin da ya rage shi ne ƙafar gaba, kan keke, sirdi da feda. A ido aikin rabin awa ne, amma a waɗannan 'yan abubuwan ne ake ɓarna. Fedar hagu tiredinta juyayye ne, ana ɗaure ta ne ta hagu. Wanda bai sani ba sai ya tilasta ta, ƙarfen feda ya cinye tiredin alminiyom na hannun feda. Notocin wuyan keke suna da iyakar ɗauri da aka rubuta a jikinsu, galibi wajen 5 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri ke nan), kuma ba a sanin an kai sai da sifana mai auna ƙarfi. In ya yi sako-sako kan keke ya juya a kan hanya, in ya wuce kima ya tsage. Akwai ma masu ɗaura cokalin gaba a juye, su yi ta mamakin yadda ƙafarsu ke taɓa taya in za su karya kwana.

Mutumin namu ya tsallake waɗannan, amma abu biyu suka gagare shi. Faifan birkin gaba yana gugar takalmin birki, yana ƙara a kowane juyi. Giyar baya kuma tana tsalle, musamman a manyan haƙora. Ya yi kwana biyu yana juya notocin saiti bisa abin da ya gani a bidiyo, abin sai ƙara lalacewa yake. Matsalar ba ta saiti ba ce. Akwai wani ɗan ƙarfe mai laushi da ke riƙe na'urar canza giya a jikin firam, an yi shi da gangan don ya lanƙwashe ko ya karye kafin firam ya ji ciwo. A hanya an jefar da kwalin ta wannan gefen, ƙarfen ya karkace kaɗan, yadda ido ba zai gani ba sai da ma'auni. Muddin a karkace yake, babu saitin da zai zauna, kuma in aka ci gaba da hawa na'urar na iya faɗawa cikin sifok ta yi ɓarnar da ta ninka wannan.

Mayar da keken hanya ce, amma sai ya sake kwance shi, ya mayar cikin kwalin da ya riga ya yaga, ya jira. A Tarayyar Turai doka ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya fasa ciniki ba tare da ya faɗi dalili ba, sai dai in fasawa ce kawai, kuɗin mayarwa a kansa yake, sai in kantin ya ɗauki nauyi. Wasu ƙasashen ba su da ko wannan. Don haka ya tura keken zuwa shagon da ya baro.

Mai shago ya gane keken, ya kuma gane mutumin. Ya karɓa, amma ya sa shi a ƙarshen layi, sai bayan kwana goma aka taɓa shi. Cikakkiyar dubawa da saiti 6, sabon ƙarfen riƙe giya 2. Lissafi ya kai 90. Bayan mako shida wayar giya ta saki, sifok suka zauna, kamar yadda kowane sabon keke ke yi. Dubawar da masu saye a shago ke samu kyauta, shi ya biya 4. Ya zama 94.

A wata na biyar birkin baya ya fara yoyon mai. Wannan laifin masana'anta ne kuma garanti ya rufe shi, amma haƙƙin mai saye yana wuyan wanda ya sayar masa ne. Sai hotuna, sai saƙonni, sai jiran amsa, sai aiko da sabon kan birki bayan mako uku. Kayan kyauta ne, ɗaurawa da fitar da iska daga cikin man ba kyauta ba ne: 3. Takalman birkin da mai ya jiƙa ba sa wankuwa, sai sababbi: 1. Jimla 98, ban da kuɗin motar da ya kashe a mako ukun da keken ke jingine. Da a shago ya saya, mai shago ne zai yi ta fama da dila, kuma da yawansu ba sa karɓar kuɗin aiki kan irin wannan a shekarar farko, ko da yake ba wajibi ba ne a kansu.

Kada a ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa intanet asara ce. Yoyon birki ba kullum yake faruwa ba. Ba don shi ba da mutumin ya tsira da 6. Wanda kuwa ya iya aikin da kansa, yana da sifana mai auna ƙarfi da ma'aunin miƙe ƙarfen giya, ya kuma san girman da ya dace da shi tun daga tsohon kekensa, zai tsaya a 82 ya tsira da 18, kuma babu wanda ya cuta. Kamfanoni irin su Canyon na garin Koblenz a Jamus sun gina kasuwancinsu ne kan irin waɗannan masu saye, suna aika keke kai tsaye daga kamfani zuwa gida. Kuskuren mutumin namu shi ne ya kwatanta 78 da 100 kamar abu ɗaya ake sayar masa, alhali ɗaya keke ne a kwali, ɗayan kuma keke ne a kan ƙafafunsa da wanda zai amsa in ya samu matsala. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, shi dai bai san rariya ya saya ba.

Laifin mai shago

Rabin abin da ya faru daga bakin mai shago ya fito. Da aka tambaye shi ragi, bai buɗe wa mai saye abin da ke cikin 100 ɗin ba. Bai ce haɗawa 6 ce, dubawar farko 4 ce, kuma duka suna ciki ba. Ya ɓoye aikin hannunsa a cikin farashin kaya, wanda shi ne ainihin inda intanet ta fi shi ƙarfi. Wanda bai ga kuɗin aiki a rubuce ba, zai ɗauka aikin ba shi da kuɗi.

Yana kuma da wurin motsi da bai yi amfani da shi ba. Da ya sauko zuwa 92, da ya rage da 26, wanda ya fi 16 ɗin da ya tsinta daga baya a gyare-gyare, mafi yawansu kuɗin aiki. In ba ya son taɓa farashi, ƙananan kaya irin su makulli, fitila da mariƙin laka sun fi keke riba a kaso, don haka kyautar da mai saye zai gani a matsayin 8 shi wataƙila 5 ta ci masa. Sanya keken a ƙarshen layi don huce haushi kuwa, ba ya jawo kowa. Fifita waɗanda suka saya a wurinka daidai ne, in an rubuta an manna kowa ya gani. In ba a rubuta ba, horo ne.

Shi ma mai saye akwai abu guda da ba shi da kariya a kai: minti arba'in ɗin nan. Sayen keke a intanet haƙƙinsa ne. Amma ya je ya karɓi abin da kantin intanet ba zai iya ba shi ba, wato gwaji da shawarar wanda ya sani, ya kai kuɗin wani wuri. A cikin duk abin da ya faru, wannan ne kaɗai wurin da mai shago ya yi aiki bai samu ko sisi ba. Wasu shagunan sun magance shi da sa kuɗin gwaji wanda ake cirewa daga farashi in an saya.

Gwamnatoci sun gwada cike tazarar ta hanyar doka. A Amurka, kantunan intanet sun daɗe ba sa karɓar harajin ciniki a jihohin da ba su da ofis ko sito, har Kotun Ƙoli ta rufe wannan ƙofar a 2018 a shari'ar Dakota ta Kudu da Wayfair. Faransa ta yi nisa sosai, amma a cinikin littafi: tun dokar 1981 mawallafi ke yanka farashi, mai sayarwa ba ya rage fiye da kashi 5 cikin ɗari. Da aka hana aikowa kyauta a 2014, Amazon ya mayar da kuɗin aikowa santi ɗaya, wato kashi ɗaya cikin ɗari na yuro, sai a Oktoban 2023 aka sa mafi ƙarancin yuro 3 ga odar da ba ta kai yuro 35 ba. Keke dai ba shi da irin wannan gatan. Abin da ya fi kusa shi ne tsarin da wasu kamfanoni suka ɗauka, kamar yadda Trek ya fara a 2015: ka yi oda a intanet, a kai keken shagon dilansu, a haɗa maka, shagon ya samu kasonsa.

Yadda aka raba cinikin daga baya

A shekara ta biyu mutumin bai koma sayen komai a shago ba, bai kuma yanke hulɗa da shi ba. Ya raba kayan ne bisa yawan hannun da kowanne ke buƙata da kuma girman ɓarnar in an samu kuskure.

Taya da tif da fitila da jaka, a intanet yake saye in tazarar ta yi yawa. Lambar girman taya a rubuce take a gefenta, babu abin da za a gwada, kuma ya koyi sakawa da kansa. Hular kwano a shago yake saye, domin sai an ɗora a kai ake sanin ta zauna. Sarƙa da takalman birki ma a shago, saboda dalili biyu. Na farko, su ne kayan da jabu ya fi yawa a cikinsu a kasuwannin intanet da kowa ke iya baje kaya, kuma jabun sarƙa na cinye haƙoran giya da suka fi ta tsada. Na biyu, dacewa: sarƙar giya tara ba ta aiki a giya goma sha ɗaya, takalman birki suna da siffofi da dama masu kama da juna, man birki kuma iri biyu ne da ba sa haɗuwa, na kamfanin Shimano man ma'adinai ne, wasu kamfanonin kuma man DOT, irin na birkin mota, suke amfani da shi, in aka zuba wani a wurin wani robobin ciki su lalace. In shago ya kawo abin da bai dace ba, shi zai canza. In kai ka kawo, kai za ka biya aikin kwancewa da na sake ɗaurawa.

In ya zo da kayan da ya saya a waje don a ɗaura masa, yana faɗa tun a waya, mai shago kuma ya sa wa irin wannan aikin farashi dabam, sama kaɗan da na wanda ya sayi kayan a wurinsa, tare da sharaɗin cewa aikin ne kawai yake da garanti, ban da kayan. Duka biyun yanzu a rubuce suke a bango. Babban gyaran shekara kuma yana kai shi ne a lokacin da hawan keke ya ja baya, sa'ad da makaniki ke zaune, ba sa'ad da layi ya kai mako biyu ba. Tsakanin haka yana leƙawa duk wata uku a auna masa sarƙa. A giya tara ana canza ta in ta miƙe da kashi 0.75 cikin ɗari, kafin ta taɓa haƙoran baya.

Amfanin shago a kusa ya fi fitowa ne a ranar da kamfani ya gano aibi a kayansa. A Satumban 2023 Shimano ya yi kiran a dawo da hannayen feda kusan 760,000 na samfurin Ultegra da Dura-Ace a Amurka da Kanada, waɗanda aka ƙera kafin Yulin 2019, saboda suna iya rabewa a kan hanya. Umarnin da aka ba masu su shi ne su kai keken wurin dila a duba, ko a ina suka saya. Wanda ya saya a intanet da wanda ya saya a shago duk layi ɗaya suka bi, a ƙofar duk shagon da ya rage a kusa da su.

A lissafin shekara ta biyu, wajen kashi biyu cikin uku na abin da mutumin ya kashe wa keken a shago ya kashe shi, mafi yawansa kuɗin aiki, sauran kuma a intanet. Da ya tashi saya wa 'yarsa keke, ya shiga shagon da farashin intanet a buɗe a wayarsa, ya haɗa da kuɗin aikowa da na haɗawa da na dubawar farko kamar yadda suke a bango, ya nuna jimlar. Tazarar da ta rage 7 ce cikin ɗari. Mai shago ya rage 3, ya ɗora makulli a kai, aka sallama.